Ɗaukewar Wutar Lantarki Bayan Mahaukaciyar Guguwa da Matsayin Makamashin Hasken Rana: Nazari a kan Tsibirin Puerto Rico

1.0 Gabatarwa

Da sassafen ranar 20 ga watan Satumba na shekarar 2017, mahaukaciyar guguwar nan da aka raɗa wa suna Maria ta sauka a gaɓar kudu maso gabashin tsibirin Puerto Rico, kusa da garin Yabucoa, tana tafe da iska mai gudun kimanin kilomita 250 a cikin awa guda. Kafin faɗuwar rana ta riga ta ratsa tsibirin ta fita ta arewa maso yamma, ta bar mutane fiye da miliyan 3 babu ko ɗaya da ke samun wuta daga layin hukuma. Guguwar ba ta yi wuni guda cur a kan tsibirin ba, amma sai a watan Agusta na shekarar 2018 hukumar lantarki ta ba da sanarwar cewa ta gama mayar da wuta, wato bayan kusan wata 11. A tarihin ƙasar Amurka, wadda tsibirin yake ƙarƙashinta, ba a taɓa samun ɗaukewar wuta mai girman wannan ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana dalilin da ya sa iskar wuni ɗaya ta haifar da duhun wata 11, sa'an nan ta duba hujjar masu cewa makamashin hasken rana shi ne maganin irin wannan masifa. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, tsawon duhun ya samo asali ne daga yadda aka tsara samar da wutar da dakonta tun kafin zuwan guguwar. Bisa ga haka, babban amfanin hasken rana yana ga kusantar da wuta ga mai buƙatarta, da sharaɗin a haɗa shi da wurin ajiya. Za a fara da bayanin guguwar kanta, a bi da tsarin lantarkin tsibirin da illolin da rushewarsa ta jawo, daga nan a koma kan hasken rana da iyakokinsa.

2.0 Mahaukaciyar Guguwa: Sunanta da Asalinta

A Hausa, guguwa ita ce iskar nan mai juyawa da kan taso da bazara ta kwashi ƙura da karmami ta yi sama da su, wani lokaci har ta yaye jinka ko kwanon ɗaki. Akwai kuma holoƙo, wato hadarin da kan zo da iska da ƙura ba tare da ruwa ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai abin da ake magana a kansa a nan, domin shi a kan teku yake haɗuwa, ƙasar Hausa kuwa ba ta da teku. Wannan ne ya sa gidajen rediyon Hausa suka ƙara siffa a kan tsohuwar kalmar, suka ce mahaukaciyar guguwa. Su kuwa mutanen Taino, mazauna Puerto Rico na asali, suna da tasu kalmar, wato hurakan. Daga gare su Sifaniyawa suka are ta, daga Sifaniyanci kuma ta shiga Ingilishi da Faransanci.

Irin wannan guguwa tana haɗuwa ne a inda ɗumin saman teku ya kai digiri 26 zuwa 27. Tururin ruwa ya kan tashi sama ya zama gajimare, zafin da ya saki ya ƙara jawo iska daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta sa iskar ta riƙa kewaya wani fili mai natsuwa a tsakiya wanda ake kira ido. Masana yanayi sun kasa ta mataki biyar gwargwadon gudun iskarta. Mataki na 1 yana farawa daga kilomita 119 a awa, na 5 kuma daga kilomita 252. Maria tana mataki na 5 lokacin da ta faɗa wa tsibirin Dominika ranar 18 ga Satumba, tana kuma ƙarshen mataki na 4 lokacin da ta isa Puerto Rico.

Akwai wata dangantaka tsakanin wannan guguwa da Afirka ta Yamma da ta cancanci a ambata. Bahaushe ya san cewa hadarin damina daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Wasu daga cikin waɗannan tarin hadari su kan ci gaba da tafiya har su wuce gaɓar Senegal su faɗa Tekun Atlantika, inda ɗumin ruwa ke ƙara musu ƙarfi. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin da ke addabar yankin Karebiyan tsakanin watan Yuni da Nuwamba ta haka suke farawa. Ita ma Maria daga wani tarin hadari da ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 12 ga Satumba, 2017 ta samo asali.

3.0 Tsarin Lantarkin Puerto Rico Kafin Maria

Puerto Rico tsibiri ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 9,000, mafi yawan mutanensa kuma Sifaniyanci suke yi. Ya koma hannun Amurka daga hannun Sifen a shekarar 1898, aka kuma ba mutanensa matsayin 'yan ƙasar Amurka a 1917, ko da yake mazauna tsibirin ba sa jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. A lokacin guguwar, fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'arsa suna cikin talauci bisa ma'aunin Amurka.

Kafin Maria, hukuma ɗaya ce ta gwamnati, wadda ake kira PREPA, take samar da mafi yawan wutar, take dakonta, take kuma rarraba ta ga masu mita kimanin miliyan 1.5. Abubuwa uku ne suka siffanta wannan tsari. Na farko, manyan tashoshin samar da wuta, kamar Aguirre da Costa Sur, suna gaɓar kudu, alhali San Juan, babban birni, da mafi yawan jama'a da masana'antu suna gaɓar arewa. Tsakanin gaɓoɓin biyu akwai jerin duwatsu masu duhuwar daji, waɗanda mafi tsawonsu ya kai mita 1,338. Ta kan waɗannan duwatsu manyan layukan dakon wuta suke bi. Tsibirin yana da irin waɗannan layuka kimanin mil 2,400, da ƙananan layukan rarrabawa kimanin mil 30,000, galibinsu a rataye bisa turaku.

Na biyu, kusan duk wutar daga man da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa ake samar da ita. Baƙin mai da dizal sun ɗauki kusan rabi, iskar gas kimanin sulusi, sai kwal. Abin da hasken rana da iska da ruwa suke bayarwa gaba ɗaya a lokacin bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba. Tun da tsibiri ne, ba shi da maƙwabciyar ƙasa da layinsa ya haɗu da nata balle ya ari wuta idan tasa ta ɗauke.

Na uku, hukumar tana cikin bashin kimanin dala biliyan 9, har ta shiga shari'ar fatara a watan Yuli na 2017, wata biyu kafin guguwar. Yawancin injinanta sun haura shekara 40 suna aiki, ƙwararrun ma'aikata da dama sun bar aiki ba a maye gurbinsu ba, sassabe itatuwan da ke ƙarƙashin layuka kuma ya ja baya. Daɗin daɗawa, ranar 6 ga Satumba wata guguwar mai suna Irma ta gifta ta arewacin tsibirin ta katse wutar masu mita kusan miliyan 1. Ba a gama wannan gyara ba Maria ta iso, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

4.0 Dalilan Daɗewar Duhu

Tashoshin samar da wuta ba su yi mummunar lalacewa ba. Abin da ya rushe shi ne hanyar da wutar ke bi, domin an ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na layukan dako da na rarrabawa sun lalace. Iska ta kayar da manyan hasumiyoyin ƙarfe a kan duwatsu, ta kakkarya turakun katako da na siminti a cikin garuruwa. Ruwan da aka sheƙa, wanda ya haura milimita 900 a wasu wurare, ya jawo zaftarewar ƙasa a fiye da wuri 40,000, ya kuma yanke hanyoyi da gadoji. Injin da ke gaɓar kudu ko da yana da lafiya ba shi da amfani ga asibitin da ke arewa muddin wayar da ke tsakaninsu tana ƙasa.

Shi kuwa gyaran irin wannan layi yana da jeri wanda ba a tsallake shi. Sai an ɗaga babban layi kafin a kunna ƙaramar tasha, sai an kunna ƙaramar tasha kafin a ba layin unguwa wuta, sai kuma layin unguwa ya tashi kafin wuta ta shiga gida. Saboda haka wanda yake ƙarshen layi, wato mazaunin ƙauyen kan dutse, shi ne zai fi kowa jira, ko da kuwa shi ya fi kowa buƙata. A wurare da dama da jirgi mai saukar ungulu aka riƙa kai turaku, domin mota ba ta isa.

Kayan gyaran ma sai an yo dakonsu ta teku, a daidai lokacin da jihohin Texas da Florida suke neman irinsu bayan guguwoyin Harvey da Irma. Ga kuma matsalar shugabanci. A Amurka al'ada ce kamfanin lantarkin da masifa ta faɗa wa ya nemi gudummawar ma'aikata daga takwarorinsa nan take. PREPA ba ta nemi wannan gudummawa ba sai ƙarshen watan Oktoba, bayan kusan mako 6. A maimakon haka ta ba wani ƙaramin kamfani na jihar Montana kwangilar dala miliyan 300, wadda aka soke bayan ta jawo surutu. A ƙarshen watan Disamba na 2017, kwana 100 ke nan bayan guguwar, kusan rabin masu mita ba su da wuta. Ko layin da aka gyara ma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin ranar 18 ga Afrilu, 2018 wata motar haƙa ƙasa ta taɓa babban layi ɗaya a kudu, tsibirin gaba ɗaya ya sake faɗawa cikin duhu.

5.0 Illolin Rashin Wuta

A al'ummar da ta gina rayuwarta a kan lantarki, ɗaukewar wuta ta kan ja sauran abubuwa su bi ta. Injinan tura ruwa da na tace shi sun tsaya, kusan rabin jama'a suka rasa ruwan famfo, wasu suka koma shan ruwan rafi, cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ta ƙaru. Kimanin kashi 95 cikin 100 na turakun wayar salula sun daina aiki, don haka mai mara lafiya ba shi da halin kiran motar asibiti. Na'urorin cirar kuɗi da na biya da kati sun mutu, wanda ba shi da tsaba a hannu ya kasa sayen abinci ko da yana da kuɗi a banki.

Janareta ita ce mafakar farko, amma an yi ta ne domin ɗaukewar wuta ta awoyi ko 'yan kwanaki. Da aka sa ta aikin makonni sai ta fara lalacewa. Mai kuma ya yi wuya, domin gidajen mai su ma da wuta suke tura shi, ga hanyoyi a toshe, har mutane su kan wuni a layi saboda jarka ɗaya. Hayaƙinta a rufaffen wuri ya zama wani haɗarin na daban.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu cututtukan da maganinsu ya dogara da lantarki: mai ciwon sukari da allurarsa ta insulin ke buƙatar firij, mai ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini sau uku a mako, da tsohon da ke numfashi da na'urar oksijin. Da farko gwamnatin tsibirin ta ce mutum 64 ne suka mutu. A watan Mayu na 2018 wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka jagoranta ya ƙiyasta 4,645, ya kuma nuna cewa kimanin sulusin mace-macen suna da nasaba da jinkiri ko yankewar kula da lafiya. A watan Agusta Jami'ar George Washington, wadda gwamnati ta ba aikin, ta fitar da adadin 2,975 na ƙarin mace-mace a cikin wata 6, gwamnati kuma ta karɓe shi. Binciken ya nuna cewa tsofaffi da mazauna ƙananan hukumomi mafiya talauci su suka fi mutuwa. Idan aka kwatanta waɗannan alƙaluma da na farko, za a ga cewa mafi yawan rayukan bayan wucewar iskar aka rasa su. Tsakanin Yulin 2017 da Yulin 2018 yawan jama'ar tsibirin ya ragu da kimanin mutum 130,000, akasari saboda ƙaura zuwa Amurka.

6.0 Yadda Lantarkin Hasken Rana Yake Aiki

Tun a shekarar 1839 Bafaranshen nan Edmond Becquerel ya gano cewa haske yana iya haifar da lantarki a jikin wasu abubuwa, amma sai a 1954 aka ƙera ƙwayar silikon ta farko mai amfani a ɗakin bincike na Bell a Amurka. Ita wannan ƙwaya kashi 6 cikin 100 kawai na hasken da ya sauka a kanta take mayarwa lantarki. Farantan da ake sayarwa yanzu suna mayar da kimanin kashi 20 ko fiye, farashinsu kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Sola ta gida tana da sassa uku. Akwai faranti, wanda ke karɓar haske ya ba da lantarki mai tafiya ta fuska ɗaya. Akwai inbata, wadda ke juya shi ya koma irin wanda kayan gida ke amfani da shi. Akwai kuma batir, inda ake tara abin da aka samu da rana domin dare. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba sai bayan Maria. Solar da aka haɗa da layin hukuma ba tare da batir ba ta kan kashe kanta da zarar layin ya ɗauke, an kuma tsara ta haka ne da gangan don kada ta tura wuta cikin wayar da ma'aikaci yake gyarawa. Saboda haka an sami gidaje masu farantai a rufi, rana tana dukansu, amma suna cikin duhu kamar maƙwabtansu. Sai da batir da makunnin da ke raba gida da layi sola take zama garkuwa.

Lissafin buƙata ba shi da wuya. Faranti mai ƙarfin wat 400, a wurin da ake samun kimanin awa 5 na cikakkiyar rana, zai ba da kusan yunit 2 a wuni, wato kilowat 2 na awa guda, a cire abin da ke salwanta a hanya. Matsakaicin firij yana cin yunit 1 zuwa 2 a kwana. Idan aka ƙara fitilu da fanka da cajin waya, faranti 4 zuwa 6 da batir mai ɗaukar kimanin yunit 5 za su riƙe gida. Na'urar oksijin kuwa, da yake dare da rana take aiki, ita kaɗai tana iya cin yunit 7 ko 8, don haka gidan mai irin wannan lalura yana buƙatar ninki. Ba a cewa wannan zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ko injin masana'anta. Abin da zai ɗauka shi ne abin da rai ya rataya a kansa.

7.0 Hujjar Masu Goyon Bayan Hasken Rana

Hujja ta farko ita ce kusanci. Tsakanin faranti da firij 'yan mitoci ne na waya, babu dutse, babu kogi. Ta biyu, ba a dakon makamashinsa, domin da gari ya waye bayan guguwa rana za ta fito ko tashar jirgin ruwa tana aiki ko ba ta yi. Ta uku, lalacewar ɗaya ba ta shafar saura. Idan iska ta fasa farantan gida ɗaya, na maƙwabcinsa suna nan, saɓanin babban layi da motar haƙa ɗaya take iya kashe wa mutum miliyan 3. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Casa Pueblo, wato Gidan Jama'a, wata ƙungiyar sa kai a garin Adjuntas da ke kan duwatsu, mai mutane kimanin 18,000. Alexis Massol González da matarsa Tinti Deyá Díaz suna cikin waɗanda suka kafa ta a shekarar 1980 domin hana haƙar tagulla a yankin. Tun 1999 gidan ƙungiyar yake aiki da hasken rana. Da Maria ta wuce, hanyoyi suka toshe, wannan gida ya zama wurin da jama'a ke zuwa cajin waya da jona na'urorin marasa lafiya, gidan rediyon ƙungiyar kuma ya zama hanyar isar da saƙo ga dangi. Ƙungiyar ta raba fitilun sola kimanin 14,000, daga baya ta kafa ƙananan sola da firij a gidajen masu lalura. A watan Maris na 2023 aka buɗe wani ƙaramin layi mai zaman kansa a dandalin garin, mai farantai kusan 700 da batura, wanda ya haɗa shaguna 14, 'yan kasuwar kuma su ke gudanar da shi ta hannun ƙungiyarsu. Haka nan a watan Oktoba na 2017 kamfanin Tesla ya kafa farantai da batura a wani asibitin yara da ke San Juan, asibitin ya sami wuta tun layin hukuma bai dawo ba.

Jama'a ba su jira gwamnati ba. Gidajen da ke da sola a rufi ba su kai 10,000 ba kafin Maria, amma a shekarar 2024 sun haura 100,000, mafi yawansu kuma da batir. Abin da ya ƙara tura su shi ne yadda wuta ta ci gaba da ɗaukewa a tsibirin baki ɗaya: bayan girgizar ƙasa ta 7 ga Janairu, 2020 wadda ta lalata tashar Costa Sur, da lokacin guguwar Fiona ranar 18 ga Satumba, 2022 wadda mataki na 1 ce kawai, da jajiberin sabuwar shekara ta 2025, da kuma 16 ga Afrilu, 2025. Daga ƙarshen 2023 har an fara biyan masu batura kuɗi su tura wa babban layi wuta a lokacin da ta yi ƙaranci.

8.0 Iyakoki da Matsaloli

Duk da haka, ba kowace sola ce take tsira daga guguwa ba. Maria ta ragargaza wata babbar gonar farantai a Humacao, ta kuma kakkarya fukafukan injinan iska na Punta Lima a Naguabo. Binciken da aka yi bayan guguwoyin 2017 ya nuna cewa bambancin waɗanda suka tsira da waɗanda suka tarwatse ya fi komawa ga ingancin ɗauri, wato irin ƙusoshi da sandunan da aka yi amfani da su. Har ila yau, babbar gonar farantai ko ta tsira tana da raunin da tashar mai take da shi, domin ita ma ta dogon layi wutarta take bi. Don haka wajibi ne a bambance tsakanin sola ta gona da sola ta rufi idan ana maganar kariya.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi. Batir yana da tsada, yana kuma da wa'adi. Mai hali ya kan saya ko ya ɗauka bashi, talaka kuwa, wanda bincike ya nuna shi ya fi mutuwa, sau da yawa rufinsa na kwano ne da ba zai ɗauki faranti ba, wani ma ba shi da takardar mallakar gidan. Idan masu hali suka rage sayen wutar layi, nauyin gyaransa da biyan bashinsa zai ƙara komawa kan marasa hali. A ƙarshen 2022 majalisar Amurka ta ware dala biliyan 1 domin sola da batura ga irin waɗannan gidaje, amma a 2025 aka karkatar da dala miliyan 365 daga ciki zuwa gyaran babban layi.

Ta uku ita ce rashin tsayuwar manufa. Dokar makamashi ta 2019 ta tanadi cewa kashi 40 cikin 100 na wutar tsibirin zai fito daga makamashi mai sabuntuwa a 2025, kashi 60 a 2040, duka kuma a 2050. Wani babban nazari da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar a watan Fabrairu na 2024 ya nuna cewa burin 2050 mai yiwuwa ne, muddin an zuba jari mai yawa a layuka da ajiya. Sai dai ba a ko kusanci kashi 40 ba, a shekarar 2025 kuma aka yi sabuwar doka da ta soke matakan tsakiya, ta kuma ƙara wa tashar kwal ta Guayama wa'adi zuwa 2032. Miƙa layuka ga kamfanin LUMA a 2021 da tashoshi ga kamfanin Genera a 2023 ya sauya masu gudanarwa, amma tashoshin suna kudu, duwatsun kuma suna inda suke.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Maria ta tarar da tsarin da ya tara samar da wuta a gefe ɗaya, ya rataya dakonta a kan duwatsu, ya kuma dogara da man da ke zuwa ta teku. An ga yadda gyaran irin wannan tsari yake bin jeri wanda ke barin na ƙarshen layi a baya, da yadda jiran ya ci rayuka fiye da iskar kanta. An kuma ga cewa hasken rana yana kawar da wannan rauni ne idan an kafa shi kusa da mai buƙata, an haɗa shi da batir, an ɗaure shi da kyau. Ba zai maye gurbin babban layi ba a birni mai masana'antu, don haka gyaran layin yana nan a matsayin wajibi.

Wannan rauni bai keɓanta da ƙasashen guguwa ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin arewacin Nijeriya sun yi fiye da mako guda babu wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke tasowa daga Ugwuaji ta Apir kuma ya sami matsala. Sanadin ya bambanta, amma siffar ɗaya ce: jama'a masu yawa a ƙarshen dogon layi. Abin da ya kamata masu tsara manufa su ɗauka daga Puerto Rico shi ne tsarin fifiko. Kafin a yi maganar manyan gonakin farantai, a fara ƙidaya wuraren da ɗaukewar wuta ke zama mutuwa, wato asibitoci da cibiyoyin wankin ƙoda, injinan tura ruwa, turakun sadarwa, da gidajen masu lalurar da ke buƙatar firij ko na'urar numfashi. A ba kowannensu farantai da batir gwargwadon buƙatarsa, a horar da 'yan garin da za su iya gyara su, a kuma tanadi kuɗin sauya batir tun ranar da aka kafa shi.